Mai kyamara, kada tsawon gilashi ya ruɗe ka

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi wa ƙannena masu sana'ar hoto magana, musamman waɗanda ke riƙe da kyamarar dijital mai madubi a ciki, wadda ake kwance mata gilashi a ɗaura wani, wato DSLR. Na fara wannan sana'a tun ana loda fim ana wanke shi a ɗaki mai duhu, kuma har yau duk yaron da ya tara 'yan kuɗinsa zai ƙara gilashi, tambaya ɗaya yake zuwa mini da ita: Baba, wanne ne ya fi zuƙowa? Da wuya ka ji wanda ya ce wanne ne ya fi shan haske. Ni kuwa a wurina ta biyun ce tambayar, domin yawancin hotunan da ake kawo mini ana kuka da su ba nisa ne ya ɓata su ba, duhu ne.

Ɗauko gilashin da ya zo da kyamararka a kwali ka duba bakinsa. Ko Canon ce ko Nikon, galibi za ka ga an rubuta 18-55mm, sannan 1:3.5-5.6. Lambobin farko kowa ya san aikinsu: a 18 gilashin yana kwaso wuri da faɗi, a 55 yana matsewa ya jawo abu kusa. Na biyun ne ake tsallakewa, alhali su ne ke faɗa maka iyakar buɗewar ƙofar da haske ke bi ya shiga. Abin da ke rikita mutane shi ne ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa, kuma dalilin lissafi ne kawai, ana raba tsawon gilashin ne da lambar. Gilashi mai milimita 50 in lambarsa 2 ce, wadda ake rubutawa f/2, faɗin ƙofarsa milimita 25 ne. In aka mai da shi f/4 ta koma 12.5. Matakan kuwa haka suke tafiya: 1.4, 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kuma duk matakin da ka taka gaba, hasken da ke shiga ya ragu da rabi. Saboda haka gilashin kwali, da zarar ka murza shi zuwa 55, ƙofarsa ba ta wuce f/5.6, ko ka so ko ka ƙi. Ɗan ƙaramin gilashin nan 50mm f/1.8, wanda kusan tsawonsu ɗaya, hasken da yake shigarwa ya kusa ninki goma na wancan.

Ba za ka san ninki goma ba sai an shiga ɗaki. A ce da daddare ne, ƙwan lantarki ɗaya ne a sama, kana son ɗaukar yaro yana zaune yana wasa. Ka sa ISO, wato ma'aunin yadda kyamara ke jin haske, a 1600, gilashin kwali yana 55, kyamara ta auna hasken ta ce sai ta bar shata, wato labulen da ke buɗewa ya rufe in an danna, a buɗe kashi ɗaya cikin 15 na sakan. A wurin yaro wannan dogon lokaci ne. Kafin shata ta rufe ya juya kai, ya ɗaga hannu, sai ka sami fuska mai ido huɗu, hannun kuwa ya narke. Kwance shi ka ɗaura 50mm a f/1.8, ba ka taɓa ISO ba, ba ka ƙara fitila ba: shata ta koma wajen kashi ɗaya cikin 160, yaron ya tsaya cak, har gashin idonsa kana iya ƙirgawa. Mai gilashin kwali hanya biyu ta rage masa. Ko ya tura ISO can sama, hoton ya cika da tsaki-tsaki launi ya mutu, ko ya ɗaga ɗan filashin da ke kan kyamara, wanda zai baje fuska, ya sa goshi ƙyalli, ya manna baƙar inuwa a bango, ya kashe duk yanayin ɗakin da ya sa aka so hoton tun farko.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga ana tura sabon shiga ya sayi irin gilasan nan da ake yi wa kirarin ɗaya tamkar da dubu, 18-200 ko 18-300, har da 18-400 da Tamron ya fitar a 2017. Ba na musun cewa an yi fasaha wajen ƙera su. Amma duba ƙarshensu: f/5.6 ko f/6.3. Ga kuma wata tsohuwar ƙa'ida ta masu hoto wadda har gobe tana aiki: in da hannu ka riƙe kyamara, kada saurin shata ya gaza ɗaya bisa tsawon gilashi. A milimita 300 kana bukatar ɗaya bisa 300, a kan ƙaramar sensa ma (sensa ita ce farantin da ke kama hoto a madadin fim) sai wajen ɗaya bisa 500, domin duk ɗan motsin hannunka ana zuƙo shi tare da hoton. Ka ga ke nan, daidai inda gilashin ya fi bukatar haske, nan ne ya fi rowarsa. Da rana tsaka a fili ba za ka lura ba. Bari la'asar ta yi sakaliya, ko a shiga ƙarƙashin rufi, ka ga yadda zai riƙa kai da komo yana neman fokas ya rasa. In mutum matafiyi ne, da rana yake yawonsa, ba ya son yawan kwance gilashi ƙura ta shiga sensa, ban hana shi ba, ya dace da shi. Amma wanda da kyamara zai ci abinci, a kira shi aiki a ɗakin taro, wannan ba gilashinsa ba ne.

Ita ma maganar sau nawa yake zuƙowa, daga ƙananan kyamarori da wayoyi aka kwaso ta, kuma ba ta faɗa maka komai. Babbar lamba kawai ake rabawa da ƙarama. 18-55 sau uku ne, 70-200 bai ma kai sau uku ba, amma na farkon ɗaki yake gani, na biyun kuwa fuskar mutumin da ke tsallaken titi yake kawo maka.

Wani zai ce ai gilashinsa yana da maganin rawar hannu. Gaskiya ne, kuma yana da amfani. Canon ne ya fara sa shi a gilashin kyamarori masu madubi a 1995, a wani 75-300mm, yana kiransa IS. Nikon na cewa VR, Sigma OS, Tamron VC, Pentax kuwa a cikin kyamarar ya sa nasa, sensar ce ke motsawa. Yana ba ka damar sassauta shata da mataki biyu, uku, har huɗu, hoton gini ko na kayan da ke kan tebur bai girgiza ba. Amma hannunka yake riƙewa, ba ya riƙe wanda kake ɗauka. Yaron nan na ɗazu zai juya kansa ko da IS ko babu.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ruga ya sayi 50mm don kawai na yabe shi. Akwai zancen girman sensa, kuma nan ne shawarar da aka gada daga zamanin fim ke yawan ɓatar da yara. A fim, kowane hoto milimita 36 ne a 24, kuma a kan wannan girman 50mm yana ganin duniya kusan yadda ido ya saba da ita, ba faɗi ba matsi. Da shi Henri Cartier-Bresson na Faransa ya yi mafi yawan aikinsa. Manyan kyamarori irin su Canon 5D da 6D, ko Nikon D750 da D850, sensarsu wannan girman ce. Amma akasarin waɗanda ake fara sana'a da su, irin su Nikon D3500 da D5600 ko Canon 2000D da 800D, sensarsu ƙarama ce, ta Nikon wajen milimita 23.5 a 15.6, ta Canon 22.3 a 14.9. Tsakiyar hoton kawai take kamawa, ta bar gefe-gefe. Don ka san abin da za ka gani, sai ka ninka tsawon gilashi sau 1.5 a Nikon da Pentax, sau 1.6 a Canon. Hamsin ɗin nan ya koma 75 ko 80 ke nan. A ƙaramin ɗaki za ka yi ta ja da baya har bayanka ya taɓa bango, mutum uku ba su shiga ba. Ga mai ƙaramar Nikon, wanda ke tsaye a matsayin hamsin ɗin da shi ne 35mm f/1.8G DX da aka fitar a 2009, kuma in gilashi ɗaya tak aka ce in zaɓa masa bayan na kwali, shi zan nuna. Mai ƙaramar Canon yana da ɗan siririn nan EF-S 24mm f/2.8, wanda ke gani daidai da 38. Bai kai wancan shan haske ba, amma a wannan tsawon ya fi na kwali da kimanin mataki guda. A kuma lura, ko gilashin da aka ƙera don ƙaramar sensa, ainihin tsawonsa ake rubutawa a jiki, ba a yi maka lissafin ba, sai ka ninka da kanka.

To ta yaya mutum zai san tsawon da ya dace da shi? Ba sai ya tambaye ni ba, amsar tana cikin kwamfutarsa. Kowane hoton dijital yana ɗauke da bayanin yadda aka ɗauke shi, wanda ake kira EXIF: tsawon gilashi, ƙofa, shata, ISO, duk suna nan. Zauna wata rana ka ware hotunan da kai kanka kake alfahari da su, da waɗanda suka ba ka haushi, ka duba lambobinsu. In ka ga kullum a 55 kake, sannan kana yanke hoton a kwamfuta don abin ya ƙara girma, tsawo kake nema. In kullum a 18 kake kuma duk da haka gini ba ya shiga, faɗi kake nema, sai ka dubi irin su 10-18 na Canon ko 11-16 f/2.8 na Tokina. In kuwa lambobin a tsakiya suke yawo amma hotunan dishi-dishi ne, ISO ya kai ƙurya, to tsawonka ya ishe ka, haske ne babu. A abin da na gani, mutum na ukun nan shi ya fi yawa, kuma shi ne ke zuwa da tambayar zuƙowa. Akwai wata dabara kuma: murza na kwali zuwa 35, ka liƙe zoben da salatif, ka yi mako kana aiki a haka. In ka ji a takure kake, gwada 24 ko 50. Inda ka ji ka sake, nan ne tsawonka.

Masu ɗaukar fuska suna da nasu dalilin na son ɗan tsawo, kuma ya kamata a fahimce shi da kyau. In ka sa gilashi a 18 ka matsa har fuskar mutum ta cika hoto, tsakaninka da shi bai kai rabin mita ba. A wannan kusancin hancinsa ya fi kunnuwansa kusa da kai sosai, sai hancin ya kumbura, kunnuwa su ja baya, goshi ya yi tudu. Mutane na ɗora wa gilashi laifi, alhali tazarar ce. Ja baya mita biyu ko uku, fuska ta koma daidai, sai dai ta ƙanƙance a hoton. Aikin dogon gilashi shi ne ya cika maka hoton daga can inda kake tsaye. Shi ya sa 85mm ya yi suna a kan babbar sensa, kuma a nan ne hamsin ke da ranarsa a kan ƙarama.

Wanda ya sayi f/1.8 sabo-sabo kuma, ga nasa gargaɗin. Buɗaɗɗiyar ƙofa tana narkar da abin da ke bayan mutum, abin da kowa ke sha'awa ke nan, har wasu su kafe ta a 1.8 su manta da ita. Amma wurin da ke fitowa tar yana sirancewa ƙwarai. Da 50mm a f/1.8 a kan ƙaramar sensa, mutum yana mita biyu daga gare ka, kaurin wurin da ke cikin fokas bai fi santimita 11 ko 12 ba. In fokas ya sauka a kafaɗa, ido ya tafi. In mutane sun jeru sahu biyu, na gaba su fito, na baya su yi dusu-dusu, kuma na bayan ne za su fara neman kansu a hoton. Hoton jama'a f/5.6 yake so ko f/8. Ban da haka ma, yawancin gilasai sun fi kaifi in an ɗan rufe su mataki ɗaya ko biyu daga iyakarsu.

Wanda aikinsa ba ya ba shi sukunin canza gilashi, kamar ɗan jarida ko mai ɗaukar taro, tsaka-tsakinsa shi ne mai zuƙowa wanda ƙofarsa ba ta canzawa, f/2.8 daga farko har ƙarshe. Ga ƙaramar sensa akwai 17-55 na Canon da na Nikon, da 17-50 na Sigma da na Tamron masu sauƙin kuɗi. A 50 sun ninka na kwali haske sau huɗu. Amma 24-70 f/2.8 da ake gani a wuyan manyan masu hoto, na babbar sensa ne. Ka ɗaura shi a ƙarama, 24 ɗin ta koma 36 ko 38, ka biya kuɗin faɗin da ba za ka gani ba.

Ban ce kowa ya guji dogon gilashi ba. Mai ɗaukar ƙwallo ko tsuntsaye dole ne a gare shi, ba zai shiga fili ya tsaya gaban mai tsaron gida ba. Da rana, 55-250 na Canon ko 70-300 na Nikon sun isa. 70-200 f/2.8 kuwa, wanda kowa ke mafarkinsa, gilashi ne na gaske, amma a ɗaga shi a ji kafin a biya. Kusan kilo ɗaya da rabi ne, ɗan'uwansa mai f/4 wajen rabin haka, shi kuwa 50mm f/1.8 STM na Canon gram 160 ne kacal. Ka yini a tsaye da shi, wuyanka da tsintsiyar hannunka za su gaya maka. Na san mutane da dama da nasu ke kwance a gida, sai ranar da za a burge wani ake fito da shi.

Inda aka fi tafka asara kuwa, Malam Edita, shi ne wajen mahaɗi, wato bakin da ake ɗaura gilashi a jikin kyamara. Nikon yana kan mahaɗinsa na F tun 1959, shi ya sa mutane ke zaton duk gilashin Nikon zai yi aiki a duk kyamarar Nikon. Zai iya shiga, amma shiga daban, aiki daban. Tsofaffin masu fokas da kansu, irin su 50mm f/1.8D, ba su da inji a cikinsu. Wani ɗan sukurudireba ne ke leƙowa daga jikin kyamara ya juya su. Tun daga D40 ta 2006 Nikon ya cire wannan injin daga ƙananan kyamarorinsa, saboda haka duk jerin D3000 da D5000 ba su da shi. Yaro ya ga 1.8D da araha, ya saya, ya ɗaura a D3400, ya danna, shiru kake ji. Da hannu zai riƙa murza fokas, a f/1.8 kuwa, ta 'yar ƙaramar tagar leƙawa, wahala ce tsagwaronta. Wanda ya dace da shi mai AF-S ne, wato mai injin fokas a cikinsa, kamar 50mm f/1.8G. Abin kuma yana juyawa: sababbin gilasai masu AF-P ba sa yin fokas a kan tsofaffin kyamarori irin su D90 da D3100 da D5100, ko da hannu ma, domin zoben nasu da lantarki yake aiki.

Canon ya bar tsohon mahaɗinsa na FD ya fara EF a 1987, inda kowane gilashi ke da injinsa a ciki, don haka wannan matsalar ba ta taso masa ba. Tasa daban ce. Daga 2003 akwai EF-S, masu farar alama mai kusurwa huɗu a gindi, waɗanda aka yi don ƙaramar sensa kawai, ba sa ɗauruwa a 5D ko 6D. Masu jan ɗigo, EF, suna hawa duka biyun. Su kuwa RF da EF-M na kyamarori marasa madubi ne, ba sa shiga DSLR sam, haka ma Z na Nikon. Sigma da Tamron da Tokina sukan ƙera gilashi ɗaya da mahaɗi iri-iri, sai ka karanta kwalin ka ga na wace kyamara ne.

Tun da Canon da Nikon suka fito da RF da Z a 2018, hankalinsu ya koma can, sababbin gilasan DSLR suka yi ƙaranci. Wasu na ganin wannan dalili ne na daina saye. Ni dama nake gani, domin waɗanda suka sauya sheƙa suna ta sakin gilasai masu kyau a kasuwar kayan hannu. Kuma ba a rufe maka hanya ba: gilasan EF suna aiki a kyamarorin RF ta adafta, na Nikon masu AF-S ma haka ta adaftar FTZ, sai dai masu sukurudireban nan, su a can ma da hannu za a murza su.

Sayen na hannu yana son ido, kuma kada ka je sai da kyamararka da tocila. Cire murafan biyu, buɗe ƙofar, haska tocilar ta baya kana leƙawa ta gaba a karkace. Za ka ga ƙura, kada ta tsorata ka, babu gilashin da ba shi da ita, kuma da wuya ta fito a hoto. Abin gudu shi ne fumfuna, farin zare-zare kamar saƙar gizo-gizo da ke fara yaɗowa daga gefe. Laima ce ke kawo ta, tana cin shafen da ke kan gilashin, kuma ko an wanke wani lokaci tabon yana nan. Haka hazo a ciki, wanda ke dusashe launi. Ɗan ƙarce a gilashin gaba ba kasafai yake nunawa ba, na baya wanda ke kusa da sensa shi ne abin tsoro. A gindin yawancin gilasan Nikon akwai ɗan ƙarfe da ke buɗe ƙofa: tura shi da yatsa ka saki, ya kamata ganyayyakin su rufe nan take. In suna jan jiki, ko ka ga ƙyallin mai a kansu, bar shi. Na Canon sai an ɗaura, ka sa f/16 da shata ta sakan ɗaya, ka danna kana kallon bakin gilashin. Murza zobban a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka ji ko akwai inda suke cijewa, ko suna ƙarar yashi.

Sai gwajin da ya fi duka, wanda jaridar nan taku ta isa a yi shi da ita. Liƙa shafi biyu a bango, tsaya daidai tsakiya kyamara na fuskantar bangon sak, buɗe ƙofa iyakarta, ɗauka, sannan ka zuƙo hoton a allon kyamara ka duba kusurwoyi huɗu. Sukan ɗan fi tsakiya laushi, wannan ba laifi ba ne. Amma in rubutun hagu yana karantuwa na dama ya narke, to ko gilashin ya taɓa faɗuwa ko an haɗa shi a karkace, kuma ba kowa ke iya gyaransa ba. Bayan haka shimfiɗa shafin a tebur, ka ja wa layi ɗaya alama da biro, ka sa fokas a kansa ka ɗauke shi daga gefe a gicciye. In layin da ke gabansa ko bayansa ne ya fi fitowa, ka maimaita abin bai canza ba, to gilashin da kyamarar ba su daidaita ba. Wannan ciwon DSLR ne, saboda na'urar auna fokas a ƙarƙashin madubi take, daban da sensar da ke ɗaukar hoto. Kyamarori irin su D7200 da 80D suna da wurin gyara wannan a cikin saitinsu. Ƙananan irin su D3500 da 2000D ba su da shi, don haka mai su ya fi kowa bukatar gwaji kafin kuɗi su bar aljihunsa.

Ina da roƙo ɗaya gare ku, Malam Edita. Ku riƙa sa ɗan ƙaramin rubutu a ƙarƙashin wasu hotunanku, tsawon gilashi da ƙofa da shata da ISO, yadda mujallun hoto ke yi. Layi ɗaya ne, kuma masu hotonku suna da lambobin a cikin fayil, ba sai sun tuna ba. Ko da shafin wasanni kaɗai aka fara, yaran za su riƙa gwada lambobinku da nasu.

Na gode da ba ni fili. Wassalam.

Naka,
Wani tsohon mai ɗaukar hoto